Ruwan Wankan 'Yar Fari

Duk Garin Cindo an san Ilu da baki. In yana ciniki a kasuwar Ɗanzomo sai ka rantse faɗa ake yi, in kuwa yana kiran jakinsa har mutanen da ke bakin tafki sai sun waiwayo. Amma akwai suna guda da bakin nan bai taɓa furtawa ba, shi ne sunan 'yarsa ta fari, Safara'u. Haka aka gada: ɗan fari abin kunya ne, uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Wasu iyayen sukan ɗan sassauta in yaro ya girma. Ilu kuwa ya riƙe abin kamar farilla. In zai yi maganarta sai ya ce "waccan", in ta durƙusa ta gaishe shi sai ya amsa yana duban wani waje.

Wanda bai sani ba sai ya ce ba ya ƙaunarta. Ina! Sa'ad da ƙyanda ta kama ta tana ƙarama, kwana da kwanaki ya yi a bayan ɗakin da take kwance, wai yana gyaran danga, alhali dangar lafiyarta ƙalau. Ranar da aka kai ta gidan miji a Gagarawa kuwa, gona ya tafi da fartanya a tsakiyar rani, ya dawo idanu jawur ya ce ƙaiƙayi ne ya shigar masa. Kowa ya yi kamar ya yarda, don ba a tona wa dattijo asiri a kan irin wannan.

'Yan shekaru bayan babbar yunwa, lokacin da fatake suka fara bin ƙauyuka suna neman gyaɗar da za su kai wa jirgin ƙasa a Kano, Safara'u ta dawo gidan iyayenta goyon ciki. Ta sauka lafiya bayan an yanke gero, aka sami 'ya mace. Uwarta A'i ita ma kunyar 'yar fari ta ɗaure ta, ko ɗakin mai jego ba ta shiga sai ta faki ido. Don haka wanka ya faɗo hannun Larai, yayar Ilu. Larai gajeriyar tsohuwa ce mai murya kamar ta ƙaninta, ta wanke masu jego fiye da yadda za ta iya tunawa, kuma ba a taɓa jin wadda ta wanke ta kumbura ba. Da wannan take alfahari, kuma ta cancanta.

Wankan jego ruwa yake ci. Safe da yamma sai an cika ƙatuwar tukunya, a hura mata wuta har ta tafasa, a tsoma ganyen runhu a riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki, don a kori sanyin haihuwa. Rijiyar Garin Cindo kuwa ga zurfi ga rowa. Mata sukan yi layi tun da sassafe, kowace ta sami abin sha da na tuwo, daga nan guga ya fara fitowa da laka. Wanki da wanka da shayar da dabbobi duk a kan tafkin da ke gabas da gari suke, tun kaka da kakanni.

A shekarar nan ruwan sama ya ɗauke da wuri, zafin kaka ya sauko ya zauna, iska ta tsaya cik. Tafki ya ja baya, garkunan shanu masu wucewa suka tattake bakinsa suka bar masa kashi. Sannu a hankali ruwan ya fara sauya kama.

Wata safiya Ilu ya kora jakinsa zuwa tafki, sai ya tarar da Sajo a tsaye a kan tudu, ya dogara da sanda. Sajo Bafillace ne, duk shekara shi yake sauka da shanunsa a gonar Ilu bayan girbi, su ci kara su bar masa taki. Sun daɗe suna abota, sun daɗe suna zagin juna.

"Tsaya nan, Kaɗo," in ji Sajo. "In kana son jakin nan, ja shi baya."

"Kai da ba ka da gida za ka hana ni tafkin garinmu?"

"Zo ka gani dai."

Suka gangara. Wani wari ya tare su, irin na ciyawar da ta ruɓe a ƙasan rumbu. Duk gefen da ke kusa da gari ya rufe da wani abu kore shar, mai kauri kamar kunu, a bakin gaɓa kuma inda ya bushe ya bar shuɗi, sai ka ce wani marini ne ya zubar da baba. Ga 'yan tsuntsaye biyu sun mutu a cikin laka.

"Gansakuka ce mana," in ji Ilu. "Yau aka fara? A kaɗa ta gefe a ɗebi ruwa."

Sajo ya tsoma sandarsa ya ɗago. "Gansakukar da ka sani, in ka ɗago ta da sanda biyowa take yi zarara kamar gashi. Wannan fa? Dubi yadda ta shafe sandar, babu abin kamawa. Ta narke cikin ruwan, ko ka kaɗa ta tana nan. Jiya karena ya sha da hantsi, kafin azahar na haƙa masa rami."

Ilu ya san Sajo ba ya wasa da zancen karensa.

"Na taɓa ganin irin wannan a wani tafki wajen Magarya, ina saurayi," Sajo ya ci gaba. "Shanu suka sha suka zube a nan bakin ruwa. Mutanen garin suka ce ai su dafawa za su yi. Suka dafa, suka yi ta amai da zawo, waɗanda suka yi wanka jikinsu ya feso da ƙuraje. Wuta ba ta kashe shi, Ilu. Kada a sha, kada a yi wanka, kada a ba dabba. Sai sanyi ya sauka ruwan ya washe, sannan ma a ƙara haƙuri. Ni dai daga yau rijiyarmu ta daji zan koma."

Ilu bai tsaya jin ƙarshen zancen ba. Ya juya jakinsa suka nufi gida da sauri, don ya tuna da tukunyar da ake cikawa a bayan ɗakin mai jego.

Ya tarar kuwa ana cika ta. Matan maƙwabta biyu sun kawo tuluna daga tafki, sun yi yadda aka saba, sun kaɗa koren da gindin ƙwarya sun ɗebo, yanzu suna tacewa da tsumma. Larai tana tsugunne tana tura itace. Ilu ya tsaya a tsakar gida, maganar tana bakinsa, amma ta ina zai fara? In ya ce kada a wanke ta da ruwan nan, to ya nuna ke nan, a gaban mata, cewa hankalinsa yana kan 'yar fari. Sai ya juya wajen jakin, ya hau kwance masa igiya yana magana da ƙarfi kamar da shi yake.

"An ce ruwan tafki ya ɓaci. An ce karen Sajo ya sha ya mutu."

Larai ko ɗagowa ba ta yi ba. "Karen dafawa ya yi kafin ya sha?"

"An ce ko an dafa, Yaya."

"Wa ya ce? Bafillacen da matarsa ke haihuwa yau gobe ta ɗauki ƙwaryar nono? Shi zai koya mini wanka? Wuta ta ci komai, Ilu. In aka fasa wanka sanyi ya shige ta, ƙafafu suka kumbura, kai za ka fitar da shi?" Sannan ta ɗago ta dube shi, idonta yana dariya. "Kai ma ina ruwanka da mai jego? Ko 'yarka ce?"

Matan suka kwashe da dariya. A'i da ke bakin madafa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ilu, mutumin da ake jin muryarsa daga kasuwa, ya sunkuyar da kai ya fice zaure kamar an kama shi da sata. A nan kam ya yi wauta, kuma shi ma ya san ya yi. Ya zauna a zaure yana jin ƙamshin hayaƙin itacen da shi ya saro da hannunsa tun kafin haihuwa, ya ce wai na gyaran rumbu ne.

Ba a jima ba abin ya nuna. Jikin Safara'u ya feso da ƙananan ƙuraje, idanunta suka yi ja, ta dinga susa har tana kuka. Kunun kanwar da ake dama mata, daga tukunyar nan ake ɗiban ruwansa don ya riga ya tafasa, sai ga shi tana sha tana amayarwa. Nono ya ja baya, jaririya ta hana kowa sakat. Duk wannan Ilu daga bakin mata yake tsintarsa, in suna wucewa ta zaure.

Larai ta duba ƙurajen ta yi hamdala. Ta ce ai sanyi ne yake fita, alamar wanka yana kama jiki, a ƙara yawan ruwa. Ba mugunta ta sa ta faɗi haka ba. Ita ta goyi Safara'u bayan yaye, da za a ce ta ba da idonta don yarinyar nan da ta bayar. Abin da ta sani ke nan, kuma bai taɓa ba ta kunya ba.

Ilu ya ga bakinsa ya kasa, sai ya ce bari ƙafa ta yi aiki. Ana idar da sallar asuba ya ɗora wa jaki salkuna, ya bi sawun shanun Sajo zuwa rijiyar daji, tafiyar da sai rana ta ɗaga ake isa. Sajo ya ara masa wasaki, wato gugan fata, da igiya, ya tsaya yana kallonsa yana ja.

"Duk wannan na wane ne, Kaɗo?"

"Na jakina."

"To, Allah ya ba jakin lafiya," in ji Sajo, ya kama masa igiyar.

Rana ta take ya iso gida, rigarsa sharkaf da gumi. Ya sauke salkunan a tsakar gida inda Larai za ta gani, ya ce da iska, "Ruwan jaki ne ya yi saura. Mai so ya ɗauka." Ya koma zaure ya leƙo ta kafar zana. Larai ta zo ta kwance bakin salka, ta ga ruwa garai-garai, ta sa masa albarka. Sannan ta kinkime ta, ta juye a cikin tukunya a kan ruwan tafkin da aka riga aka zuba, don dama bai cika ba. Ilu ya dafe kai da hannu biyu.

Da la'asar tukunya ta tafasa. Yana zaune a zaure ya ji an fito da mai jego zuwa makewayin da aka kafe da zana. Ya ji ƙarar ganye a jiki, sau ɗaya, ya sake ji. Sai ya ji muryar Safara'u, ƙasa-ƙasa, ba irin muryar da take gaishe shi da ita ba.

"Gwaggo, don Allah ki bar ni haka. Jikina ci yake kamar an zuba mini barkono. Jiri nake gani."

"Daure, 'yar nan. Sanyi ne yake fita."

"Gwaggo, zan faɗi."

Ilu bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya ratsa tsakar gida, ya fizgi taɓarya daga bakin turmi, ya nufi murhun da namiji ba ya zuwa. Ya sa taɓaryar a wuyan tukunya ya ture ta. Ruwa ya malale, wuta ta yi tsuwa ta mutu, tururi ya turnuƙe wurin. Matan maƙwabta suka yi tsalle gefe suna salati.

"Ba za a ƙara taɓa Safara'u da ruwan nan ba!" in ji shi, da muryarsa ta kasuwa. "Ba za ta sha ba, ba za a wanke ta da shi ba! Ku kashe mini 'ya ina zaune a zaure?"

Ƙwaryar da ke hannun A'i ta suɓuce ta faɗi. Ɗaya daga cikin matan ta toshe baki da tafin hannu. Shi kansa Ilu sai da ya ji sunan ya fita sannan ya gane abin da ya yi, kunnuwansa suka ɗau zafi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Larai ta fito daga bayan zana da ganyen a hannu, yana ɗiga. Ta dubi tukunyarta a kife, ta dubi ƙaninta. Ilu ya shirya jin zagin da ba ta yi masa ba tun yana yaro.

"Ashe ka san sunanta," ta ce.

Ilu ya jingine taɓaryar a jikin zana.

"Tun da aka haife ta nake jiran in ji, na fid da rai." Ta yar da ganyen. "Abin da ya fito da sunan nan daga bakinka ba ƙaramin abu ba ne." Sai ta miƙa hannayenta gaba tana dubawa, ta juya su. Daga yatsu har gwiwar hannu sun yi ja, sun feso da irin ƙurajen nan. Ta gan su tun jiya, ta ɗora laifin a kan ganye. Ta ce a hankali, "Ni kuma wace haihuwa na yi da sanyi zai fita a jikina?"

Ta koma ta lulluɓe Safara'u da zane, ta riƙo ta zuwa ɗaki. Ilu ya juya baya don kada su haɗa ido. Da Larai ta fito, idanunta sun yi rau-rau, amma muryarta ta dawo yadda take.

"To, na ji. Ruwan tafki ba zai ƙara shigowa gidan nan ba. Amma ka saurare ni, Ilu, wanka ba za a fasa ba, ko sau ɗaya. Safe da yamma, tukunya cike, har arba'in. Kai da ka iya ture tukunya, sai ka iya cika ta."

"Na ji, Yaya."

"A'i, ɗebo ruwan rijiya na randa ki dama mata kunu. Ke ma ki bar laɓe-laɓen nan ki shiga ki gan ta, mijinki ya riga ya fasa ƙwai."

Kafin magariba labari ya gama gari, ba labarin tafki ba, labarin Ilu ya kira sunan 'yar fari. Da ya je masallaci tsofaffi suka yi ta gyaran murya. Wani ya tambaye shi, wai 'ya'yansa nawa ne yanzu, ya ji an ce an ƙaru. Ilu ya haɗiye. Amma da aka wayi gari awakin wani gida suka sha a tafki suka mutu, dariya ta ragu. Mai gari ya sa aka saro ƙaya aka kewaye gaɓar, aka hana yara da dabbobi kusantar wurin, aka ce ko naman awakin kada a ci. Masu jakuna suka fara bin Ilu zuwa rijiyar daji.

Shi dai ya riga kowa fita, ya riga kowa dawowa, wata rana ma ya koma. Igiya ta ci tafin hannunsa har ya tsage, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Jaki ya rame, shi ma ya rame. A cikin gida kuwa aman ya tsaya, ƙurajen suka bushe suka zube, nono ya dawo, kukan jaririya ya koma na rigima kawai. Ilu ya koma ga halinsa kamar ba a yi komai ba. In ya sauke salka sai ya tambayi Larai, yana duban jaki, "Waccan ta ci abinci?" Larai ta ce, "Wacce? Muna da yawa a gidan." Ya yi tsaki ya wuce.

Sanyi ya fara sauka, koren tafki ya dusashe, amma mai gari bai bari an ɗage ƙayar ba tukuna. Safara'u ta yi arba'in, ta yi ƙiba ta yi haske, dangin mijinta suka zo daga Gagarawa ɗaukarta. Aka ɗaure kaya, aka ɗora. Ilu ya maƙale a zaure yana tufkar igiyar da ba ya bukata.

Sai ga ta a ƙofa. Ta durƙusa nesa da shi, kanta a ƙasa. Ta kwance goyo, ta shimfiɗe jaririyar a gefen tabarmarsa, ta ajiye wani ɗan ƙoƙo kusa da ita. Ba ta dube shi ba, jaririyar ta duba.

"Ki ce wa kakanki ga man kaɗe nan, ya riƙa shafawa a hannunsa. Ki ce masa ya bar igiya ta huta haka."

Ilu ya ajiye igiyar. Jika kam ba abin kunya ba ce, kowa ya san wannan. Ya sa tsagaggun hannayen nan ya ɗauke ta, ya ɗaga ta daidai fuskarsa, ya hau yi mata tsiya da ƙarfi, wai wace irin amarya ce wannan ba haƙori ba gashi, ta zo ta cinye masa itace ta shanye masa rijiya, ko sannu ba ta ce ba. Ya ce shi dai Zinariya zai riƙa kiranta, ko da ba ta yi kama da ita ba. Yana cikin wannan sai muryar ta sauka, har ta zama da ƙyar ake ji.

"Ke amarya, ki gaya wa uwarki. Ki ce mata ko a Damagaram rijiyar take, da na je. Ki ce mata tun ranar da aka haife ta ban taɓa kwana ban tuna da ita ba. Baki ne kawai ba shi da hanya."

Safara'u ta ƙara sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan zanenta. Da ta yi magana, ga jaririyar ta yi.

"Ki ce masa ta ji. Ki ce masa ta daɗe da sani."

A waje masu rakiya suna ta kira, rana tana yi, hanyar Gagarawa da nisa. Larai ta leƙo za ta yi faɗa, ta ga abin da ta gani, ta koma ta ce musu su ɗan ƙara haƙuri, ana gyara goyo ne. Har suka gaji da kira suka nemi inuwa suka zauna, Ilu bai miƙa jaririyar ba, Safara'u ma ba ta miƙa hannu ta karɓa ba.